Tabarau mai ɗaurin baƙin zare

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan labari, domin wanda ya fi kowa shan wuya a cikinsa ya riga mu gidan gaskiya, babu halin in nemi izininsa. Na nemi na iyalinsa, sun yarda, da sharaɗin kada in ambaci suna ko gari. Zan kira shi Kawu, yadda nake kiransa tun ina yawo ba wando.

An haife ni a 1983 a wani ƙauye kusa da Talatar Mafara. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, Zamfara sai a 1996 aka yanke ta. Mahaifina yana cikin manoman da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya shafi gonakinsu. Shekara uku kafin haihuwata, a watan Afrilun 1980, aka buɗe wa manoman da ke neman diyya wuta a Birnin Tudu. Baba ba ya son zancen. In ka matsa masa sai ya ce, "Sun ƙirga nasu, mu ma mun ƙirga namu," ya ja bakinsa ya yi shiru. Adadin da hukuma ta faɗa ɗan kaɗan ne, mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke faɗa. Na taso da wannan a raina: ana iya yin abu a gaban idon jama'ar gari guda, amma in ba a rubuta shi ba sai ya zama kamar mafarki suka yi.

Baba yana da rediyo mai batir huɗu. In batir ya yi sanyi mu ne masu shanya shi a rana bisa rufin kwano. Da shi muke kwana da tashi, daga Kaduna zuwa Landan, daga Jamus zuwa Muryar Amurka. Amma abin da ya karkatar da ni zuwa aikin jarida ya faru ne a 1999, ina sakandare. Wani malaminmu ya shigo aji da mujallar TheNews a naɗe a hannu, ya karanta mana yadda ta bankaɗo cewa kakakin majalisar wakilai, Salisu Buhari, ya ƙara wa kansa shekaru, kuma digirin da ya ce ya yi a Jami'ar Toronto babu shi. Cikin watan Yuli mutumin ya sauka yana hawaye a gaban majalisa. Mutum na huɗu a ƙasa, takarda da alƙalami suka sauke shi! Har muka gama makaranta, duk wanda aka kama da satar amsa Toronto muke ce masa. An yi masa afuwa daga baya, amma wannan ɓangaren bai dame ni ba a lokacin. Yaro ba ya jiran ƙarshen labari.

A kwalejin fasaha, malamin da ya koya mana binciken ƙwaƙwaf yana son labarin Watergate kamar shi ya yi aikin. Yadda aka kama ɓarayi a ofishin jam'iyyar adawa a Washington a 1972, yadda matasan 'yan jarida biyu na Washington Post suka bi sawun kuɗi, har shugaban Amurka Nixon ya ajiye mulki a watan Agustan 1974. Ya kan tsaya ya buga tebur ya ce mu lura da abu ɗaya: mutumin da ke tsegunta musu labari, sun rufa masa asiri sama da shekara 30, sai da shi da kansa ya fito a 2005. Ni kuwa sauka da Nixon ya yi ita ce ta tsaya mini a rai. Haka in ya ba mu labarin Dele Giwa da bam ɗin cikin ambulan ya kashe a 1986, ko Bagauda Kaltho da ya ɓace a zamanin Abaca, jarumtar nake gani. Maganar majiya ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Na fara aiki a 2007 a matsayin wakilin wata jarida a Gusau. Ranar da aka ɗauke ni, wanda ya miƙo mini katin shaida ya yi dariya ya ce, "Ga gonarka nan." Albashi sai an ga dama. Wata uku, wata huɗu shiru. Abin da ke riƙe da mu shi ne na goro: a kira taron manema labarai, a karanta jawabi, a ƙarshe wani ya zagaya da ambulan, kuɗin mai. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na karɓa, na ci, na yi aure da shi.

Farkon 2010 wani direba da ke bin hanyar Anka ya tare ni a tasha, ya ce yara na ta mutuwa a ƙauyukan masu haƙar zinare, sai yaro ya kama jijjiga, kafin kwana biyu an kai shi. Na ce masa wataƙila sanƙarau ne, lokacinsa ne. Ranar akwai bikin rabon takin zamani, kuma na san akwai ambulan. Can na tafi. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF ne suka gano abin da ke faruwa: gubar dalma ce, daga duwatsun zinaren da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Yara sama da 400 suka mutu a yankunan Anka da Bukkuyum. Lokacin da na je Dareta, ɗaya daga cikin ƙauyukan da abin ya shafa, bayan duniya ta riga ta ji, na tsaya a bakin maƙabarta ina kallon 'yan ƙananan kaburbura a jere, wasu tsawonsu bai wuce kamu biyu ba. Naira dubu uku aka ba ni a bikin takin nan. Har yau ina tuna launin ambulan ɗin.

Bagega kuma, wani ƙauyen masu haƙar zinaren, aka bar ta a baya ba a share gubar ba, sai da wasu matasa suka tayar da ƙura a intanet, ƙungiyoyi da jaridu suka riƙa bin maganar, kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin a farkon 2013. Wannan ya dawo mini da abin da na ji a 1999. Na ce ashe har yanzu rubutu na iya motsa kuɗi daga Abuja. Na rage zuwa tarukan ambulan, na fara neman labarin da zai wanke ni.

Labarin ya zo ta hannun Kawu, a 2016.

Kawu aminin Baba ne, tare suka yi makarantar allo. Akawu ne a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma, ya yi shekara 31 yana aiki, saura huɗu ya cika 35 ya yi ritaya. Mutum ne da ba ya ɗaga murya. Kekensa ɗaya tun ina yaro. Yana da wani tabarau da ƙafarsa ɗaya ta karye, ya ɗaure ta da baƙin zaren ɗinki, ya yi ta naɗawa har wurin ya yi kumburi kamar gaɓar rake. 'Yan ofis suna tsokanarsa da cewa tabaran ya girmi ƙaramar hukumar.

A damina ta wannan shekara ɗiyarsa da ke aure a wani ƙauye ta rasu wajen haihuwa. Naƙuda ta yi tsanani da dare, aka ɗora ta a babur tsakanin mijinta da ɗan acaɓa za a kai ta gari, ba su kai ba. Abin da ya hana Kawu barci shi ne, a takarda ƙauyen nan yana da asibiti. Da hannunsa ya shigar da takardun biyan kuɗin, waɗanda suke kira boca, har sau uku a shekaru daban-daban: na gini, na gyara, sannan na sayen gadaje da magunguna. Ba zan faɗi yawan kuɗin ba don kada ya nuna wurin.

Na hau babur na je na gani da idona. Fandisho ne da bulo layi uku, tumfafiya ta fito a inda ya kamata ɗakin haihuwa ya kasance, awaki na kwance a inuwar allon kwangilar da tsatsa ta cinye. Wani dattijo da ke wucewa da fartanya ya ce mini, "Asibitinmu kaka kallo? Aljanu ka aiki ciki." Ya yi gaba abinsa.

Kwana goma bayan haka Kawu ya aiko jikansa ya kira ni bayan sallar isha'i. Muka zauna a zaure, ya tura ƙyaure, ya kunna fitilar caji. Daga cikin babbar rigarsa ya zaro fayil ya shimfiɗa takardun a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa na rawa. Ya ce, "Ɗana, takardun ga sai sun koma inda suke kahin a buɗe ofis. Ni ban gan ka ba, kai ma ba ka gan ni ba. Ka ji tsoron Allah a kaina, bakuna goma sha ɗaya nika ciyarwa." Na ce, "Kawu, ko wuƙa aka sa mini ba za a ji sunanka a bakina ba." Na durƙusa ina ɗaukar hoto da waya. Shi kuma ya cire tabaransa ya ajiye a gefe yana murza ido, don hawaye sun taru masa lokacin da muka zo kan takardar gadaje.

Na yi abin da littafi ya ce, aƙalla da farko. Na rubuta wasiƙa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai da aka sa wa hannu a 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Aka ce mini da baki dokar ta Abuja ce, ba ta hau kan jihohi ba. Na nemi jin ta bakin babban mutumin da sa hannunsa ke kan takardun, aka yi ta yi mini gobe jibi. Na aika wa editana labarin da hotunan. Mako uku shiru. Da na kira, ya ce labarin yana da kyau ƙwarai, amma in yi haƙuri, akwai shafi biyu na talla da ake sa ran samu daga wajenmu.

Daga nan laifin ya zama nawa ni kaɗai. Na ji ƙishin-ƙishin cewa wani ɗan jarida ya fara shinshino maganar, zuciya ta ce mini za a riga ni. Wani dare, wajen ƙarfe ɗaya, na zuba komai a shafina na Facebook: labarin, hoton fandisho da awaki, da hotunan takardu goma sha ɗaya yadda na ɗauke su, ban yanke gefen ko ɗaya ba. Na sa masa kan labari da maganar dattijon nan, Asibitin Aljanu. Na kwanta ina jin kamar na sauke wa jihar nan kaya.

Kafin hantsi wayata ta yi zafi. Ana ta yaɗawa, ana sa mini albarka, wasu na kirana gwarzo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ga kiran Kawu ya shigo. Ina tsaka da hira da wani gidan rediyo ta ɗaya wayar, sai na danne, na ce zan kira shi in na gama. Ban kira ba. Shi ma bai sake kira ba.

Kwana biyu aka zo aka tafi da ni. An ce an shigar da ƙorafi a kaina a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wai na yaɗa abin da zai ɓata suna ya tayar da hankali. Kwana huɗu na yi a tsare, mu goma sha wani abu a ɗakin da bokiti ɗaya ne a lungu. Ba a dake ni ba, ba zan ƙara gishiri ba. Amma a duk tambayoyin da aka yi mini babu wanda ya ce, shin akwai asibitin ko babu? Tambaya biyu ce ake juyawa: wa ya sa ka, nawa aka ba ka? Na shirya wa tambaya ta uku, na yi ta maimaita wa kaina cewa ko za a kashe ni ba zan faɗi wanda ya ba ni takardun ba. Har wani daɗi nake ji in na tuna irin amsar da zan bayar.

A rana ta uku wani yaron babban mutumin ya zo, cikin shadda mai maiƙo da ƙamshin turare. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya buɗe hoto na bakwai a wayarsa, ya sa yatsu biyu ya faɗaɗa kusurwar ƙasa ta hagu, ya juyo mini da shi. Ƙafar tabarau ce a kan tabarma, da kumburin baƙin zare. Ya ce, "Malam ɗan jarida, ba sai ka wahalar da kanka ba. Tun safiyar farko muka gane." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

Ban san yadda zan kwatanta wannan daren ba. Na tuna malamina yana buga tebur. Waɗancan sun rufa wa nasu asiri shekara 30 da ɗoriya, ni ko kwana ɗaya ban kai ba, kuma babu wanda ya matsa mini. Da yatsana na yi.

Fitowata ta hanyar sulhu ce. Baffana da limamin unguwarmu da wasu dattawa biyu suka kai ni gidan mutumin. Inna ta riga ta yi kwana huɗu ba ta ci abincin kirki ba, matata na da ciki wata bakwai, jaridar da nake wa aiki ta sanar cewa abin da na wallafa ra'ayina ne, ba da yawunta ba. Muka zauna a ƙasa bisa kafet, shi yana kan kujera. Ya ce ai ni ɗansa ne, kuma yaro in bai yi kuskure ba wa zai yi? Aka miƙo takardar da aka riga aka buga, cewa na yi gaggawa, ban tabbatar ba, ina neman afuwa. Liman ya ce, "Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa." Na sa hannu. Da za mu fita aka ba da kuɗin mota, Baffa ya karɓa da hannu biyu yana "Allah ya ja zamaninka, ranka ya daɗe." Na goge rubutun a daren.

Kawu ba a kore shi ba. Masu irin wannan aiki sun fi haka wayo. An mai da shi wani ofishi can cikin daji, a lokacin da 'yan bindiga suka fara hana bin hanyar. Sai aka yi tantance ma'aikata, sunansa ya faɗa cikin na bogi, albashi ya tsaya. Mutumin da ya yi shekara 31 yana zuwa ofis kafin mai shara, aka ce babu shi. Da ya je neman gyara, aka ce fayil ɗinsa ya ɓata.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya taka ƙofar gidansa. Ya karɓe ni a zauren nan, a kan tabarmar nan. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi Baba, ya tambayi jaririyar da aka haifa mana, muka yi zancen tsadar gero. Na buɗe baki na ce, "Kawu, ni..." Ya ɗaga hannu ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" Ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga maganar ba har ya bar duniya. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na lura babu tabarau a fuskarsa, amma ban iya tambaya ba.

Shi kuwa labarin da na goge, ya ci gaba da rayuwarsa ba tare da ni ba. Mutane sun riga sun adana hotunan. Sunan Asibitin Aljanu ya manne wa mutumin, yara na faɗa in motarsa ta wuce. Da zaɓen 2019 ya matso, abokan hamayyarsa suka buga hotunan a takarda suna rabawa a kasuwanni, mawaƙa suka sa a waƙa, sojojin baka suka yi ta yayatawa a rediyo. Su kuma nasa mutanen suka tono wata rijiyar burtsatse da ɗan takarar ɗaya ɓangaren ya karɓi kuɗinta bai haƙa ba. Aka yi ta jifan juna, asibitinka, rijiyarka. Babu wanda ya kai bulo ɗaya ƙauyen.

A shekarun nan na riƙa kallon manyan badaƙalolin ƙasa da wani ido daban. Wasu sun ci mutum: a 2018 binciken Premium Times kan takardar hidimar ƙasa ya sa ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki, kuma Faruk Lawan, da aka zarga da karɓar daloli lokacin binciken tallafin mai a 2012, kotu ta ɗaure shi a 2021, bayan shekara tara. Wasu kuwa sun zama laƙabi kawai. Bidiyon da Jaafar Jaafar ya fitar a watan Oktoban 2018, waɗanda aka ce gwamnan Kano na lokacin ne a ciki yana karɓar daloli, gwamnan ya musanta, kotu ta dakatar da binciken majalisar jihar, ya sake komawa kujerarsa a 2019, a 2023 kuma ya zama shugaban jam'iyya mai mulki na ƙasa. Ɗan jaridar ne ya bar ƙasar zuwa Ingila a 2021. Masu cewa tonon silili ba ya canza komai ban yarda da su ba, don na ga abin da ya canza da idona. Bayan 2018, in za ka shiga wajen wasu manya sai an karɓi wayarka a bakin ƙofa, wani wurin har biro da agogo ake dubawa. A ofisoshi irin na su Kawu, takardun manyan kuɗi sun daina bi ta hannun ƙananan akawu. An ɗauki darasi sosai, sai dai waɗanda suka fi kowa ɗauka su ne waɗanda ake bincika. Talaka kuma abin da ya koya shi ne in ya ji an fallasa wani, kafin ya tambayi ko gaskiya ne sai ya tambayi wa ya biya kuɗin fallasar. Tambayar da aka yi mini a tsare ita ce yanzu a bakin mai shayi.

Kuma ba zan ce ba su da hujja ba, tunda ni ma na zama abin da suke zargi. A ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar dukan 'yan takarar APC a Zamfara saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, mutane da dama suka tsinci dami a kala. Ɗaya daga cikinsu ya kira ni ya ce yana son jarumi irina ya riƙe masa harkar yaɗa labarai. Ina da shekara uku ba aikin kirki, ga 'ya'ya uku, ga kuɗin haya. Na karɓa. Na gaya wa kaina cewa daga ciki zan fi iya taimakon Kawu. Na yi wa maigidan nawa maganar fayil ɗin sau biyu, ya ce in tuna masa. Na uku na ga fuskarsa ta canza, na bari.

A tsakiyar 2021 guguwar sauya sheƙa ta kaɗa a jihar, waɗanda suka yi shekaru suna zagin juna suka koma inuwa ɗaya. Wata ranar Asabar na shiga falon maigidana, na tarar da shi da mutumin Asibitin Aljanu a kujera ɗaya suna cin dabino daga faranti ɗaya. Mutumin ya gane ni, ya yi murmushi ya ce, "A'a, ɗana! Ashe kana nan." Aka ce in rubuta sanarwar maraba, in ambaci irin hidimar da ya yi wa talakawa, musamman a fannin lafiya. Na zauna a mota na rubuta. Sakin layi huɗu. Ban bar ko kuskuren waƙafi ba.

Farkon Satumba na wannan shekara aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Mai son kiran waya sai ya yi tafiya har Zariya ko Sakkwato. Muka koma zamanin saƙon baka da 'yar wasiƙa a hannun direba. A cikin wannan shirun Kawu ya rasu. Hawan jini da ciwon suga, ga babu kuɗin magani. Sai bayan kwana tara labarin ya iso ni, a bakin wani mai sayar da albasa da ya ɗauka na sani.

Na je ta'aziyya an riga an watse. Uwargidansa, wadda nake kira Gwaggo, ta sa aka shigo da ni har tsakar gida. Muka yi addu'a. Na daɗe ina kallon ƙasa, sannan na tambaye ta tabaran. Ta ce ranar da aka kira shi ofis aka nuna masa hoton, da ya dawo bai ce wa kowa komai ba, ya wuce bayan gida ya jefa shi a masai. Bai sake sayen wani ba. Shekara biyar ɗin da suka rage masa bai ƙara karanta takarda ba, Alƙur'ani ma da ka yake yi, in ya kakare jikansa ya duba masa. Ta ce, "Bai riƙe ka ba. Cewa ya yi yaro ne, zumuɗi ya yi mai yawa." Na yi kukan da ban yi ba a tsare, ban yi ba a falon sulhu.

Da sabis ya dawo Gusau a farkon Oktoba, saƙon farko da na aika na ajiye aiki ne. Ba jarumta ba ce, kada wani ya ɗauka haka, na riga na ci albashin shekara biyu. Da abin da na tara na buɗe ɗan shagon cajin waya da POS, da shi nake ciyar da gida yanzu.

Ban bar rubutu ba, amma na zama mai nawa. Labari ɗaya kan ɗauke ni wata biyar. Ba na sake wallafa hoton takarda yadda aka ba ni. Sai in kwafe abin da ke ciki da hannuna, in nemi wata hanya ta biyu da za ta tabbatar da shi, ta yadda in an zauna lissafin wanda ya fitar za a samu mutum ashirin, ba ɗaya ba. Kafin in saki komai ina komawa wajen wanda ya ba ni in karanta masa, in tambaye shi me zai same shi gobe da safe. Sau biyu aka ce mini a fasa, na fasa, ko da yake ɗaya daga cikinsu labari ne da zai yi ƙara. Matasa masu sha'awar aikin kan zo shagon su zauna a benci, kowa da waya a hannu da ɗokin ya fasa ƙwai. Nakan karɓi wayar in buɗe hoton da suke taƙama da shi, in faɗaɗa kusurwoyinsa huɗu ɗaya bayan ɗaya. An taɓa samun babban yatsan wata ma'aikaciyar jinya da lallenta a kai.

An yi wa sashe na 24 gyara a 2024, an rage faɗinsa, ko da yake har yanzu ana kama 'yan jarida da sunan dokar. A 2025 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar samun bayanai ta hau kan jihohi ma. Da na ji, na binciko kwafen wasiƙata ta 2016 a cikin akwati, na canza kwanan wata na sake kaiwa. An karɓa, an buga hatimi, ina jira. Ƙauyen ban samu zuwa ba tun bara saboda hanya, amma wanda ya fito daga can ya ce mini allon kwangilar ya faɗi, an ɗauke shi an yi ƙyauren garke da shi.

Abin da ya fi cin lokacina yanzu fayil ɗin Kawu ne. An gano shi a bara, a ƙasan wata durowa, ɓera ya ci gefensa. Gwaggo ta ba ni takardar wakilci, ina bin haƙƙinsa na shekara 31 da albashin da aka riƙe. An ce sai an kawo takardar ɗaukarsa aiki ta asali, ta zamanin jihar Sakkwato, na je Sakkwato sau biyu na samo. An ce hoton da ke kan fom ya tsufa, a kawo sabo, na ce mai hoton ya rasu, aka ce to a kawo shaidar rasuwa daga kotu, na kawo. Ranar Litinin da ta wuce akawun da ke riƙe da fayil ɗin, wani yaro da bai kai shekara talatin ba, ya leƙa hagu da dama ya ce mini a hankali, "Baba, akwai abin da na gani a takardun fanshon nan, in kana so in nuna maka." Na ce masa ya rufe bakinsa tukuna, ya gaya mini mutum nawa yake ciyarwa. Ya ce shida. Na ce ya bari sai na yi tunani, yanzu dai ya duba mini ko an sa hannu a shafi na uku. Ba a sa ba. An ce in dawo ranar Talata ta sama.